Kwamfuta Biyu a Teburin Auta

Sau biyu Baba ya ce a'a. Na farko ya faɗa a zaune. Na biyu ya faɗa a tsaye, hannunsa a kan ƙofa.

Auta ce ƙaramar 'yarsa. Shekarunta ishirin da bakwai. Sana'arta tace bidiyo: a ɗauko hotuna a kawo mata, ta yanke, ta haɗa, ta gyara launi da sauti. Wanda take so mai gyaran kwamfuta ne, rumfarsa a ƙarƙashin matakalar wani bene a kasuwar kayan lantarki. Ita kaɗai ke ce masa Injiniya.

"Injiniya a ina?" in ji Baba. "Mai gyara ne. Ni ma mai gyara ne, na san kamanninmu."

Shekara arba'in Baba ya yi a ƙarƙashin manyan motoci kafin ciwon baya ya zaunar da shi.

Ranar Laraba da hantsi wani kwali ya iso gidan. Wanda ya kawo shi abokin yayan Auta ne, mai babban shagon kwamfutoci a bakin titi. Gaban shagon gilashi ne tun daga sama har ƙasa, shi ya sa kowa ke ce masa Mai Gilas. Wata biyar yana zarya a gidan. Da ya ji tsohuwar kwamfutar Auta ta mutu, bai je wurinta ba. Wurin Baba ya je, ya durƙusa, ya ajiye kwalin.

Baba ya karɓa, ya sa albarka.

A gidan nan kowa ya san ma'anar Baba ya karɓi kayan mai neman 'yarsa.

*

Ɗakin aikin Auta shi ne tsohon ɗakin kayan aikin Baba. Har yanzu bangon yana ƙanshin baƙin mai. Tebur ɗaya, kujera biyu, taga ɗaya. Da ta dawo da azahar ta tarar da kwalin a tsakiyar teburin.

Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Umma, wa ya shigo mini ɗaki?"

"Mai ɗakin," in ji Umma daga bayanta. "Babanki."

Auta ta zagaya teburin, ta karanta rubutun jikin kwalin, ta zauna a ƙasa. Sai hawaye.

"To kukan na mene ne? Sabuwa ce dal, ko leda ba a cire ba. Ki buɗe mana ki gani."

"Idan na buɗe na amsa ke nan, Umma. Ke ma kin sani."

"Mutumin nan me ya yi miki? Yana da ladabi, yana gaisuwa, ko motarsa ba ta ƙara."

"Bai yi mini komai ba. Wata biyar yana zuwa, bai taɓa tambayata me nake yi a ɗakin nan ba. Ya ɗauka fim nake kallo."

"Ni ma da farko haka na ɗauka."

"Ke ai kin tambaya daga baya."

Umma ta zauna a kujera, ta jawo kan Auta ta ɗora a cinyarta.

"Ranar Litinin ne aikin naki ko?"

"Litinin. Bidiyon yaye ɗalibai ne, kyamara uku aka sa, duka masu ɗaukar hoto tar mai nauyi. Shugabar makarantar ta ce a gefena za ta zauna. Ta ce yanke nan, mayar da can, ta gani nan take. Ba ta da lokacin jira. Idan hoto ya dinga maƙalewa a gabanta, aikin nan ne na farko kuma na ƙarshe."

"To ga shi Allah ya kawo miki."

"Wannan ba za ta ɗauka ba, Umma. Ta ofis ce, ta rubutu da kallo. Kuma ni na riga na saya."

"Kin saya? Da me?"

"Da abin da na tara. Mako biyu da suka wuce na ba Injiniya ya haɗa mini."

Umma ta cire hannunta daga kan Auta.

"Duka? Ajiyar shekara biyu?"

"Duka."

"Innalillahi. Babanki ya sani?"

Aka yi gyaran murya a bakin ƙofa.

"Yanzu ya sani," in ji Baba.

*

Umma ta fita ba tare da an ce mata ta fita ba. Baba bai zauna ba.

"Na ce a'a sau biyu."

"Ka ce, Baba."

"Sai kika ɗauki guminki kika kai masa."

"Aiki na ba shi, Baba. Ko ba na son sa shi zan ba, duk kasuwar babu wanda ya fi shi sanin abin da nake buƙata."

"Amma kina son sa."

Ta sunkuyar da kai. Hawaye na ɗiga a kan siminti.

"Ina son sa."

"Ɗago ki dube ni. Kin san rayuwar matar mai gyara? Tambayi uwarki. Shekara arba'in tana wanke rigar da ba ta fita. Mai sayarwa yana zaune a inuwa, mutane su shigo masa da murna. Mai gyara kuwa da ɓacin rai ake zuwa wurinsa. Ka gyara, a ce ka daɗe. Ya sake lalacewa, a ce kai ne. Na yi rantsuwa a ƙarƙashin mota cewa autata ba za ta ga irin wannan ba."

"Baba, ni ban taɓa jin kunyar rigarka ba."

"Ban tambaye ki ba."

"Ka yi haƙuri, amma sai na faɗa. Da rigar nan ka sa mu a makaranta. Ranar da ka zo ɗaukata da hannunka baƙi, yara suka yi dariya, ni ce na riƙe hannun har gida. Ka manta? Yanzu don na ga mai irin hannunka na ce ina so, sai ya zama laifi?"

Baba ya juya ya kalli taga.

"Kin ce wannan ta kwalin ba za ta yi aikinki ba."

"Ba za ta yi ba."

"Kin kunna ta?"

"Na karanta abin da ke cikinta a jikin kwalin."

"Ni ban iya karatun kwali ba. Ido gare ni da kunne. Ranar Asabar da safe su zo su biyun, kowa da tasa, a ɗora a teburin nan. Idan ta mai shagon ta yi aikinki, za ki riƙe ta, maganar mai gyaran nan kuma ta mutu a gidana. Ban ce ki auri wancan ba. Ban taɓa yi wa 'yata dole ba. Amma wannan maganar ta mutu."

"Idan ba ta yi ba fa?"

"Sai mu ga ta mai gyaran."

"Idan tasa ta yi?"

"Kin cika tambaya," in ji Baba, ya fita.

*

Washegari ta je kasuwa. Rumfar Injiniya ba ta ɗaukar mutum uku. Duk wanda ya hau benen, ƙurar takalminsa a kan Injiniya take sauka. Matattun kwamfutoci jere har rufi, kowace da takarda liƙe a goshinta.

Yana ganin idonta ya ajiye sukudireba.

"Wa ya mutu?"

"Mu, idan ba ka yi wasa da kyau ba."

Ta ba shi labari. Bai katse ta ba. Da ta gama ya share hannunsa a tsumma, ya ce,

"Wato ni da Mai Gilas a tebur ɗaya. Ya kamata in yi aski."

"Wasa ma kake yi?"

"Idan ban yi wasa ba kuka zan yi, kuma ke kin riga ni. Zo ki ga amaryar."

Ya yaye wani zane. Baƙar akwati ce irin ta tebur, gefenta ɗaya a lotse, da sauran tambarin wani ofis da aka kankare.

"Kai, Injiniya! Wannan za ka kai gaban Baba? Kamar an tsamo ta daga kwata."

"Gangar jikin ce tsohuwa. Leƙa ciki."

Ya zare murfin gefe.

"Kuɗinki ba zai sayi sabuwa mai ƙarfi ba, don haka ban kashe ko kaɗan a kan kyau ba. Ga furosesa, ƙwaƙwalwar na'urar ke nan, ba ta bana ba ce, amma mai ƙarfi ce a zamaninta, ta ishe ki. Ga ram, inda take riƙe aikin da ake ciki, na cika shi, don kyamara uku wuri suke ci. Faifan ajiyar nan mai sauri ne, ba irin mai juyawa ba, a kansa za ki zuba ɗanyen hoto. Wannan babban mai fanka biyu shi ne katin hoto. Shi ke ɗaukar nauyin launi da motsi. Na hannu ne, amma na wanke shi, na sake masa man sanyaya. Rabin kuɗin a kansa ya tafi."

"Manhaja fa?"

"Ta kyautar da kika saba da ita. Ban sa miki ta sata ba, kada ta rufe a gaban shugabar makaranta."

"Allo?"

Ya nuna wani mai kauri a lungu.

"Mummuna ne, amma ba ya ƙarya a launi. Idan ya ce ja, ja ne."

Auta ta yi dariya, hawaye na zuba.

"Ina tsoro. Idan ta ƙi, shi ke nan. Ka san Baba, ba ya lashe magana."

"Na sani."

"Ni ba zan iya saɓa masa ba. Kuma ba zan iya ganin ka a hanya in wuce kamar ban san ka ba. To ina zan sa kaina?"

"Ki daina kuka a nan, maƙwabta za su ce na cinye miki kuɗi."

"Ka ce mini za ta yi."

"Za ta yi, da yardar Allah."

Da ta tafi ya tsaya yana kallon kusurwar akwatin ta sama. A nan akwatin wuta yake, wanda ke raba wa kowane sashe lantarki. Kuɗin ya ƙare kafin ya kai kansa. Sai ya bar na asali, ƙarami, wanda aka yi don aikin ofis. Ya gwada na minti goma, ya riƙe. Ya ce wa kansa ya isa.

Bai faɗa mata ba.

*

Asabar da ƙarfe tara Mai Gilas ya iso, turarensa ya riga shi shiga. Injiniya ya zo da akwatinsa a kafaɗa, allon a hammata, gumi har wuya. Da gaske ya yi askin.

Mai Gilas ya dube shi sama da ƙasa.

"Sannu da ƙoƙari. Injin niƙa ne?"

"Yana niƙa," in ji Injiniya.

Baba ya sa kujerarsa a gaban teburin. Auta na tsaye a gefe. Umma tana bayan ƙofa, wai shara take yi.

"Kai ka fara," Baba ya ce wa Mai Gilas.

Mai Gilas ya yanke ledar, ya zaro laftof siririya mai ruwan azurfa. Ya sa wata manhajar tacewa, ya kuma kunna wani fim da ya zo da shi. Teku, tsuntsaye, komai tar, babu ko gargada.

"Ka gani, Baba? Kamar ka miƙa hannu ka taɓa."

"Na gani. Auta, wannan shi ne aikinki?"

"A'a, Baba. Wannan an riga an gama shi. Ko waya za ta nuna shi."

"Wato mota ce babu kaya, a kan gangara."

"Haka ne."

"Ban taɓa sallamar mota a haka ba. Sai an loda ta, ta hau tudu, ina zaune kusa da direba. Zuba mata kayanki."

Auta ta jona faifanta. Ta jera hotunan kyamara uku, ta ɗora gyaran launi, ta sa rubutun suna a ƙasa, ta kunna.

Ɗalibai suka fara tafiya a layi. Lafiya lau.

Minti ɗaya. Minti uku. Mai Gilas ya gyara agogonsa yana murmushi.

"A bar ta," in ji Baba. Ya kwantar da bayan hannunsa a gefen laftof ɗin, ya karkatar da kai.

A minti na shida fankar ta fara kuka siriri. A na takwas wata ɗaliba ta miƙa hannu za ta karɓi takarda, hannun ya tsaya a iska, muryar mai sanarwa ta wuce ta bar shi. Hoton ya yi tsalle, ya sake cijewa. Auta ta yanke wani wuri, ta jira. Ta jira.

"Ta yi zafi," in ji Baba. "Tana ja da baya don kada ta ƙone. Buɗe ta mu ga inda iska ke bi."

"Ai ba a buɗewa, Baba," in ji Mai Gilas. "Idan aka buɗe garanti ya tashi."

"A ƙara mata wani abu fa?"

"Komai nata a liƙe yake. Amma akwai babbarta a shago, ta ninka wannan sau huɗu. Yanzu zan sa a kawo, kyauta."

"Na gode," in ji Auta a hankali. "Abin da ba zan iya saya da kaina ba, ba zan iya aiki da shi da kwanciyar rai ba."

Baba ya juya wurin Injiniya.

"Kai. Taka."

Injiniya ya jona wayoyi. Akwatin ta tashi da gurnani mai kauri. Auta ta zuba kaya iri ɗaya, ta kunna.

Ɗalibar ta miƙa hannu, ta karɓi takardarta, ta wuce. Auta ta sauya kyamara, hoton ya bi ta nan take. Ta ja baya, ta ja gaba, ta ƙara haske ana cikin tafiya. Babu gargada. Minti goma. Minti goma sha biyar. Tsintsiyar Umma ta yi shiru.

"Akwai sauran kaya?" in ji Baba.

"Akwai mai goge dusar hoto, ɗige-ɗigen nan da ke ɓata shi. Shi ya fi komai nauyi."

"Ɗora."

Ta ɗora. Fankokin suka ɗaga murya.

Ɗif.

Allon ya yi baƙi. Akwatin ta yi tsit. Fitilar ɗakin kuwa tana nan a kunne.

Mai Gilas ya yi 'yar dariya.

"Kayan tsince-tsince ke nan, Baba. Ni ban so in faɗa ba."

Auta ta toshe bakinta da mayafi.

Baba ya taɓa bayan akwatin. Ya sunkuya ya shinshina.

"Ba zafi ba ne. Injin da zafi ya kashe sai ya yi tari tukuna. Wannan ba ta yi tari ba, yanke ta aka yi." Ya ɗago ya dubi Injiniya. "Me ya faru?"

Da Injiniya ya ce wayar bango ce, babu mai ƙaryata shi a ɗakin.

"Laifina ne, Baba. Akwatin wutar ƙarami ne. Katin hoton ya nemi abin da ya fi ƙarfinsa, shi ne ya kashe kansa. Kuɗin ya ƙare, na bar tsohon. Na gwada na minti goma na ce ya isa."

"Ka san ƙarami ne?"

"Na sani."

"Ka faɗa mata?"

"Ban faɗa ba."

"Don me?"

"Na ji kunya."

Auta ta dube shi da jajayen idanu.

"Ni za ka ji wa kunya? Na tsaya a rumfarka na tambaye ka! Da ranar Litinin ta yi haka fa, a gaban matar nan?"

"Ki yafe mini. Ba ni da abin cewa."

"Minti goma," in ji Baba. "Wa ya koya maka gwaji? Ni yaron da ya gwada mini mota na minti goma, ranar a gida yake yini. Yanzu mene ne magani?"

"Zan iya rage wa katin ƙarfi ya daina jan wuta sosai. Za ta yi aiki a haka. Amma dabara ce, ba gyara ba."

"Gyaran fa?"

"A canza akwatin wutar. Akwai babba a cikin kwamfutar da nake aiki da ita a rumfa. Zan ciro."

"Kai kuma ka yi aiki da me?"

"Zan san yadda zan yi."

Baba ya dubi agogon bango.

"Awa ɗaya."

Injiniya ya fita da gudu.

Baba ya rufe laftof ɗin da hannunsa, ya mayar da ita kwali, ya miƙe duk da bayansa, ya miƙa wa Mai Gilas da hannu biyu.

"Ni na karɓa, ni na mayar. Kayanka mai kyau ne, ba na wannan aikin ba ne. Kuskuren nawa ne da na karɓa ban tambayi mai ɗakin ba."

"Baba, ai ta wancan ma ta mutu."

"Ta mutu. Ina so in ga ko za ta tashi."

Mai Gilas ya karɓi kwalin, fuskarsa a ɗaure. A bakin ƙofa ya juyo ya kalli Auta. Ba ta ɗago ba. Ya yi sallama ya tafi.

Saura minti bakwai awa ta cika Injiniya ya dawo, numfashinsa sama-sama, akwatin wutar a ƙirjinsa, wayoyi na reto. Ya kwantar da kwamfutar a tebur. Kafin ya taɓa komai ya zare wayar bango. Ya shimfiɗa farin ƙyalle. Duk sukurun da ya kwance sai ya ajiye shi a kan ƙyallen daidai da inda ya fito: na sama a sama, na ƙasa a ƙasa, na hagu a hagu.

Baba ya matso da kujera.

"Wa ya koya maka jera su haka?"

"Babu kowa. Na taɓa ɓatar da na wani mutum, ya zage ni har da iyayena. Tun ranar."

"Hm."

Wani sukuru ya kuɓuce wa Injiniya, ya gangara. Baba ya take shi da ƙafa, ya ɗauka, ya ajiye shi a gurbinsa a kan ƙyallen.

"Haska masa," ya ce wa Auta. "Kin tsaya kina kallo."

Ta kunna fitilar waya. Kawuna uku suka haɗu a kan akwatin.

"Wannan wayar tana taɓa fanka. Ɗaure ta."

"To, Baba."

"Kada ka matse sukurun nan tukuna. Ka sa duka huɗun su kama, sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya."

"To, Baba."

Aka rufe. Aka kunna. Auta ta zuba kyamara uku, launi, rubutu, da mai goge dusar. Fankokin suka ɗaga murya, suka tsaya a nan.

"Minti nawa za mu ba ta, Baba?" in ji Injiniya.

"Bidiyon awa nawa ne?"

"Biyu," in ji Auta.

"To biyu."

Suka zauna. Auta na yanka tana haɗawa. Ɗalibai suka karɓi takardu, iyaye suka yi tafi, shugabar makaranta ta yi dogon jawabi. Umma ta kawo shayi, ta ƙi komawa. Kowane rubu'in awa Baba sai ya ɗora bayan hannunsa a kan akwatin, ya saurara, ya janye. Injiniya bai taɓa kofinsa ba.

Da hoton ƙarshe ya wuce, akwatin na nan tana gurnaninta.

Baba ya shanye sauran shayinsa da ya huce.

"Kai."

"Na'am, Baba."

"Abin da ka ɓoye mata ya fi akwatin wutar muni. Kayan aiki kowa yana gazawa. Amma wanda kuke gida ɗaya ba a ɓoye masa inda aka gaza. Ka ji?"

"Na ji. Ba zan sake ba."

"Ni na yi shekara goma kafin in koyi wannan. Tambayi wannan matar."

"Sha biyar," in ji Umma.

Baba ya yi kamar bai ji ba.

"Wa ke gare ka babba?"

Injiniya ya ɗago da sauri.

"Kawuna. Shi ya riƙe ni."

"Yana iya tafiya?"

"Garau yake, Baba."

"Ka ce masa ina gida ranar Asabar mai zuwa. Ban ce na ba ka ba. Na ce ya zo."

Injiniya ya zame daga kujera ya durƙusa.

"Tashi. Ka je ka nemo wa taka kwamfutar wuta, kada kawunka ya zo nema wa marar sana'a aure."

Auta ta kifa kanta a kan teburin, ta fashe da kuka mai ƙarfi. Umma na bubbuga bayanta tana dariya.

Baba ya dafa ƙugu ya miƙe a hankali. A bakin ƙofa ya tsaya.

"Ke kuma kukan me? Hoton ya tsaya ne?"

"Bai tsaya ba, Baba."

"To share fuskarki ki yi aikinki. Litinin jibi ce."